Mu kai yaranmu Kintampo, amma mu daina raina tafiyar

A yawancin makarantun zangunanmu, daga Kumasi zuwa Tachiman har Tamale, idan hedimasta ya tashi a taron iyaye da malamai ya ce ana shirin kai yara yawon buɗe ido, abin nan da yaran ke ce wa eskashan, kafin ya rufe baki za ka ji wani dattijo daga baya ya ce, “Malam, ba dai Kintampo ba ko?” Shi ke nan, magana ta mutu. Iyaye mata su shiga girgiza kai, hedimasta ya ce to a kai su gidan zu na Kumasi, a wuce zuwa batun kuɗin jarrabawa.

Ban ga laifin dattijon ba, don kuwa yana da dalili. Sai dai ni ra'ayina ya sha bamban da nasa, kuma a matsayina na malamin da ke wuni da yaran nan kwana biyar a mako, ina ganin ya kamata in faɗe shi a fili. Mu kai yaranmu matsirgar ruwa ta Kintampo. Mu kai su ta Fuller da ke kusa da ita, in da hali ma har Boti da Wli. Su ga ruwa, su ji rugugin sa, su shiga inda ya dace a shiga. Abin da nake roƙo ɗaya ne, mu daina ɗaukar tafiyar kamar aiken yaro kanti. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a ganina raini ne babban abin da ke jefa mu cikin matsala a irin waɗannan wurare.

Ga wanda bai sani ba ko ya manta, ranar Lahadi 19 ga Maris, 2017, jama'a na cikin wanka a ƙarƙashin babbar matsirgar Kintampo sai hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Wata ƙatuwar bishiya da ke can sama ta tuge, ta rikito kan mutanen da ke cikin ruwan. Aƙalla mutum 18 suka rasu, akasarinsu ɗaliban sakandare da suka zo daga Wenchi, wasu da dama kuma suka ji munanan raunuka. Sai da 'yan kwana-kwana suka yi ta yanka itacen da injin zarto kafin a ciro waɗanda ya danne. Gwamnati ta rufe wurin, aka yi gyare-gyare, aka sake buɗe shi kafin shekarar ta ƙare, daga baya aka ƙara gadar igiya da ake bi ta sama ana kallon ruwan. Allah ya ƙara wa iyayen yaran nan haƙuri. Ba na ɗora wa kowa laifin wannan rana, ba hurumina ba ne. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma shafa ruwan yana nufin mu zauna mu fahimci wurin da kyau.

Matsirgar tana kan kogin Pumpum, kamar kilomita 4 daga cikin garin Kintampo in ka nufi hanyar Tamale. Daga bakin titi zuwa ƙofa ba nisa. Ka biya kuɗin shiga, ka bi 'yar hanya cikin inuwar itatuwa, ka ga mataki na farko inda ruwan ya fara gangarowa, ka wuce na biyu, sannan ka isa bakin matakalar siminti da ke sauka da kai cikin kwari. Matakalar ta haura 150. A ƙasa ne babbar matsirgar take, ruwa na zubowa daga tsayin kamar mita 25 yana dukan duwatsu hawa-hawa, yana taruwa a gurbin da mutane ke wanka. Ko da ana tafe ana tsayawa ɗaukar hoto, duka tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Tsohuwa ma tana yin ta in ta bi a hankali.

To a nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa kai yara gandun dajin Mole ya san yadda suke natsuwa idan ma'aikacin daji ya fito rataye da bindiga yana yi musu bayani kafin a shiga. Ba mai dariya, ba mai wuce layi, saboda kowa ya ji an ce akwai giwa. A Kintampo kuwa ba giwa, ba bindiga, hanya gajeruwa, ga kiɗa na tashi daga motar wasu samari. Kafin malami ya gama ƙirga canjin kuɗin shiga, rabin ajin sun kai ƙasan matakala da gudu, sanye da silifa, cale-wate ɗin nan da ba ya riƙe ƙafa ko a tsakar gida in an yi wanki. Gajartar hanyar ce ke sa kowa ya saki jiki, malami da ɗalibi da direba baki ɗaya.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, hanyar gajeruwa ce a sauka, amma doguwa ce a gudu. Wanda ya sauka cikin kwari ya shiga wurin da dutse da itatuwa ke saman kansa, kuma mafitarsa ita ce matakalar nan da ya bi. Ka ɗauka mutum ɗari ne a ƙasa, jikinsu a jiƙe, ƙafa ba takalmi, iska ta taso, kowa na son ya hau a lokaci guda. Matakalar da yaro ya sauka cikin minti uku yana dariya, ita ce za ta zame masa ta minti goma sha biyar cikin turereniya. Saboda haka shawarar fita daga ruwa tun hadari na nesa ake yanke ta. In an bari sai iska ta iso, an makara.

Sannan a dubi watan da abin ya faru. Kowane manomin doya a wannan yanki zai gaya maka yadda ruwan farko yake, na Maris da Afrilu. Bayan watannin rani da hunturu ƙasa ta bushe ta tsattsage, sai ga hadari ya zo da yamma bagatatan, da iskar da ke yaye kwanon ɗaki. Itacen da ya tsiro a bakin dutse ba shi da ƙasa mai zurfi da zai kafa saiwa, kuma in ya tsufa ko cikinsa ya ruɓe, irin wannan iska ce ke kayar da shi. Wannan sani yana wurin kakanninmu da ba su shiga aji ba. Abin mamaki, mu da muka shiga ajin mu ne ke sa ranar eskashan a tsakiyar Maris don kawai ta dace da kalandar makaranta.

Shi kansa ruwan yana da halaye da ya kamata duk mai kai yara ya sani. Inda ruwa ke faɗowa daga sama yana cike da kumfa da iska, ba ya ɗaukar jikin mutum kamar ruwan da ke kwance, kuma a gurbi mai zurfi yakan yi juyi ya riƙa mayar da mutum ƙarƙashin mazubar. Dutsen da ruwa ke bi kullum yana da gansakuka, santsinsa ya fi na sabulu, kuma yawancin raunin da ake ji a irin waɗannan wurare daga zamewa ne a fasa kai ko a karya hannu. Zurfin gurbi yana canzawa daga damina zuwa damina, inda bara yashi ne bana sai ka tarar da rami ko kututture a ɓoye, don haka maganar “na san wurin, na zo bara” ba hujja ba ce. Kuma kogi yakan cika ba tare da ɗigon ruwa ya sauka a inda kake tsaye ba, in an yi ruwa a can sama. Alamunsa su ne ruwan ya fara yin ja, ganye da ƙirare su fara gangarowa, rugugi ya ƙaru. Wanda ya ga haka ya fitar da yara nan take.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne mai nutsewa ba ya ihu. A fim ne ake ɗaga hannu ana kururuwar a kawo ɗauki. A zahiri yaron da ruwa ke ci ba shi da numfashin yin magana, bakinsa na shiga ruwa yana fita, hannuwansa na danna ruwa a gefe, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan sai a neme shi a rasa. Yana iya faruwa abokansa na wasa taku uku daga gare shi, suna zaton shi ma wasan yake.

Mai karatu zai ce, to Malam, tunda ka lissafa duk waɗannan, me ya kai mu? Ai dattijon nan ya fi ka gaskiya.

Amsata ta farko ita ce abin da yaro ke samu a wurin, wanda allo da alli ba za su ba shi ba. Na sha zana kogi a allo ina bayanin yadda ruwa ke cin dutse, yara na kwafa suna hamma. Ranar da suka tsaya a gaban dutsen yashin nan na Kintampo, suka sa yatsa cikin ramukan da ruwa ya ƙwaƙule, ba wanda ya sake tambayata ma'anar zaizayar ƙasa. Ka gaya wa yaro cewa ruwan da ya jiƙa masa riga zai bi Pumpum ya faɗa Baƙin Volta, ya shiga tafkin Volta, wata rana ya juya injin madatsar Akosombo da aka gama a 1965, ya dawo masa a matsayin wutar da yake cajin waya da ita, ka ga yadda idonsa zai buɗe. A hanya ma darasi ne, domin Kintampo na daidai inda kurmi ke ƙarewa ƙasar ciyawa ta fara, kana cikin mota kana ganin itatuwa na raguwa, kaɗanya na bayyana. Gani ya kori ji.

Mu 'yan zango kuma muna da wani rabo na musamman a garin. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, kasuwar goro ta Salaga ta fara ja da baya, ciniki ya karkato zuwa wurare irin su Kintampo, fatake daga ƙasar Hausa suka riƙa sauke jakunansu a nan suna sayen goro. Da yawa daga cikin gidajen zangunanmu ta irin wannan hanya kakanninsu suka shigo. Kafin su ma, masu binciken tarihin ƙasa sun tono kayan wasu manoma na farko da suka zauna a yankin fiye da shekara 3,000 da suka wuce, har aka sa wa wannan zamani sunan Kintampo a littattafan tarihi. Yaron Aboabo ko Sabon Zango ya cancanci ya taka wannan ƙasa ya san yana da tushe a cikinta. Ban da wannan, ga Musulmi tsayawa gaban irin wannan halitta a yi tunanin ikon Mahalicci shi ma karatu ne. Na ga yaron da ba a raba shi da surutu ya yi tsit a gaban ruwan nan, abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne tasbihi.

Amsata ta biyu ta fi ta farko ɗaci. Hanin da muke yi ba ya hana su zuwa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, kashegarin Sallah motoci nawa ke tashi daga zangunanmu cike da samari da 'yan mata, da lasifika a kan kujera, an nufi Kintampo ko bakin teku, ba babba ko ɗaya a ciki? Yaron da uba ya hana bin malaminsa yana da shekara 13, shi ne zai bi abokansa yana da 16, ba tare da kowa ya taɓa gaya masa yadda ake karanta hadari ko inda ba a taka ba. Ƙanana kuma suna sulalewa zuwa dam, da kududdufin bayan gari, da ramukan da 'yan galamsi suka haƙa suka bari ruwa ya cika, waɗanda kusan kowace damina sai mun ji sun ci yara. Tsoratarwa da 'yan ruwa da Mami Wata tana aiki ne kan ɗan shekara shida. Da ya ga abokinsa ya shiga ya fito lafiya, tsoron ya tafi, kuma ba mu ba shi wani sani da zai maye gurbin tsoron ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a nahiyarmu ta Afirka ce kan gaba. Abin ya kai har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara don yaƙi da nutsewa. Mafi yawan waɗannan rayuka ba a wurin yawon buɗe ido ake rasa su ba, a kusa da gida ne.

Akwai masu kawo maganar ƙaddara, kuma abin dariya shi ne ɓangarori biyun duk da ita suke kafa hujja. Uba ya ce kar a je, ajali na can yana jira. Saurayi ya ce a bar shi ya yi tsalle daga kan dutse, in kwana bai ƙare ba ba abin da zai faru. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, amma malaman da suka karantar da mu a zaure ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba. Hanyar da ta ratsa Kintampo ɗin nan ta ga manyan haɗurran mota a Fabrairun 2016 da Maris na 2019, kowanne ya ci rayuka fiye da 50. Ba mu daina zuwa Tamale ba. Abin da mai hankali ya yi shi ne ya riƙa zaɓen mota, ya guji tafiyar dare, ya yi wa direba magana in yana gudu. Na san za a ce tafiyar Tamale lalura ce, wanka a matsirga kuwa nishaɗi ne. Haka ne. Amma yaro ya san halin ruwa a gaban babba mai lura, a ƙasar da ke da tafkin Volta da teku da ambaliya duk shekara, wannan ma lalura ce.

To yaya ake yin tafiyar yadda ta kamata? Ba abu ne mai tsada ba. A fara da zaɓen lokaci: daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ja baya ya yi garau kuma hadari ya yi ƙaranci. A je ranar aiki, a isa da hantsi, a bar ƙasan kwarin kafin azahar. A guji ranakun cunkoso irin su 6 ga Maris, da Litinin ɗin Ista, da kashegarin Sallah. Malami ɗaya ya je ya dubo wurin kafin ranar, ya yi magana da ma'aikatan, ya ɗaga kai ya kalli itatuwan da ke sama, ya san inda asibiti yake. A nemi izinin ofishin ilimi da na iyaye a rubuce. Kowane yaro ya zo da kambas mai igiya, a bar cale-wate a gida.

A wurin kuma, ba mai sauka matakala sai malami na gaba, wani malamin na baya. Kowane babba ya riƙe yaran da bai fi ya ƙirga su da ido ɗaya ba, goma sun isa. A haɗa yara biyu-biyu, kowa ya san abokinsa, in an busa usur kowa ya kama hannun nasa ya ɗaga. Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, kuma ba tsalle, ba hawan dutse don ɗaukar hoto. Mafi muhimmanci, a sami malami ɗaya da ba zai jiƙa ko yatsa ba, ba zai riƙe waya ba, ba zai raba waakye ba. Aikinsa kawai ya tsaya a tudu da usur, ido ɗaya a kan yara, ɗaya a sama. A gefensa a ajiye doguwar gora, da igiya ɗaure da galan ɗin Kufuor da ba komai a ciki an toshe bakinsa, domin yana yawo a kan ruwa kuma yana iya riƙe yaro. Wanda bai koyi ceto ba kada ya faɗa ruwa bin mai nutsewa, sau da yawa gawa biyu ake cirowa. Ya miƙa gora ko ya jefa galan. In an ciro yaro ba ya numfashi, hura masa iska a baki da danna ƙirji ake yi, a daina ɓata lokaci wajen matsa ciki wai a fitar da ruwa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne. Mai wuyar shi ne wanda ba a rubuta shi a takardar izini, wato wa ke da ikon cewa an fasa. An tara kuɗi sidi-sidi daga iyayen da suka matse bakin aljihu, an ɗauki hayar mota, an yi tafiyar awa biyu ko uku, yara sun kwana suna mafarkin ruwa. A irin wannan hali malamin da zai kalli gabas ya ce “ku fito” yana bukatar ƙarfin zuciya, kuma yana bukatar ya san hedimasta da iyaye na bayansa. Akwai shekarar da muka kai wani aji, ba su fi minti ashirin a ruwa ba na ga gabas ta fara haɗewa, iska mai sanyi ta kaɗo. Na busa usur muka hau. Yaran suka yi ta gunaguni har mota, kuma har muka iso gida ko ɗigo bai sauka ba. Kashegari wani uba ya tare ni a ƙofar makaranta ya ce, “Malam, an ce ruwan ma bai zo ba, kun cinye mana kuɗi kawai.” Na ce masa, “Baba, ɗanka ya kwana a gida jiya ko?” Ya ce ya kwana. Na ce, “To abin da ka biya ke nan.” Ya yi dariya, muka rabu lafiya. Tun daga lokacin, kafin a karɓi ko sisi nake sa a faɗa wa iyaye a taro cewa malamin da ke riƙe da usur yana iya soke wanka ko da an isa bakin ruwa, kuma ba za a tuhume shi ba. Malamin da ke tsoron faɗan iyaye zai ce a ƙara minti biyar, kuma a cikin irin waɗannan minti biyar ɗin ne abubuwa ke lalacewa.

Sai batun 'yan mata. Abin da aka saba shi ne maza su shiga ruwa, mata su zauna a kan dutse suna gadin jakunkuna. Waɗanda suka ƙi zama kuma sai su shiga da dogon hijabi da zani, kayan da in sun sha ruwa suke yin nauyi su naɗe ƙafa, wanda ya fi komai haɗari. Kunya da sutura addininmu ne kuma al'adarmu ce, ba mai cewa a yar da su. Ana iya kiyaye su a kuma kiyaye rai. A tafi da malamai mata, a ba 'yan mata lokacinsu dabam maza na can sama suna cin abinci, su sa dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan ƙaramin hijabi da ba ya jan ruwa. Ranar 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Ankara, babban birninmu, ruwan bai tambayi kowa namiji ne ko mace ba. Haka in an buɗe madatsar Bagre ruwa ya malalo arewa, haka da aka saki ruwan Akosombo a 2023 garuruwa irin su Mepe suka nutse. Kuma uwa ce ke tare da ƙaramin yaro a bakin rijiya da bakin rafi. Yarinyar da ta san ruwa yau, ita ce uwar da za ta ceci ɗanta gobe.

Wannan ya kawo ni ga iyo. Na taɓa tambayar ajina wa ya iya, hannuwan da suka tashi ba su kai biyar ba, kuma da na matsa da tambaya sai ta bayyana iyawar wasu ta tsaya ne a facal-facal a kududdufi. Malamanmu sukan ambata cewa magabata sun ƙarfafa a koya wa yara iyo, amma mun bar maganar a kan mumbari. Ziyarar wuni ɗaya a Kintampo ba za ta koya wa yaro iyo ba, kuma ba wurin koyo ba ne. Kududdufi da dam ma ba wurin koyo ba ne, don ruwan da ke kwance shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Amma a Kumasi da Tamale da Tachiman akwai otal-otal masu wurin wanka da ke zama fayau da safe a ranakun aiki. Ƙungiyoyin matasanmu da ke iya tara kuɗin anko da na makaɗa, za su iya tara na hayar irin wannan wuri da mai koyarwa, awa biyu a mako lokacin hutu, ranar maza dabam ta mata dabam.

Ina da kira ga hukumomi. Hukumar yawon buɗe ido ta tabbatar ana duba itatuwan da ke saman kowace matsirga duk shekara kafin ruwan farko, a ƙayyade yawan mutanen da za su kasance a ƙasa lokaci guda, a sa mai ceto da ya san aikinsa, kuma ma'aikacin ƙofa ya sami ikon rufewa in hukumar hasashen yanayi ta yi gargaɗi, ko da motoci goma na jira. Hukumar ilimi kada ta tsaya a buga hatimi kan takardar izini, ta tambayi wata, da awa, da sunan mai riƙe usur. Kwalejojin horon malamai su sa taimakon gaggawa da kiyaye yara a bakin ruwa cikin abin da ake koyarwa da hannu. Ni dai a shekarun da na yi a kwaleji na koyi rubuta tsarin darasi iri-iri, amma yadda ake hura wa yaro numfashi sai daga baya na nema da kaina. Sarakunan zango da limamai kuma, huɗuba ɗaya kafin Sallah kan wannan batu za ta kai inda takardar gwamnati ba ta kaiwa.

Ga iyaye 'yan'uwana, in malami ya zo da maganar Kintampo, kada ku ce a'a tun bai gama ba, kada kuma ku miƙa kuɗi ku juya baya. Ku tambaye shi wane wata za a je, ƙarfe nawa za a bar ruwa, manya nawa za su bi, mata nawa ne a cikinsu, wa zai tsaya a tudu, me za a yi in hadari ya taso. In ya amsa tiryan-tiryan, ku sa wa yaro albarka ku bar shi ya tafi, wanda ke da sarari ma ya bi su. In ya fara kame-kame, ku riƙe ɗanku, ku ce ya koma ya shirya. Allah ya tsare mana zuri'a, a tudu da cikin ruwa.